Rigar da Ba Ta Je Kotu Ba

Litinin 3 ga wata, biyar na yamma

Bismillah. Yau ni Sarkin Guga na sayi littafi da biro. Maman yara tace me zaka rubuta, kai da sunanka ma sai ka huta sau biyu kafin ka ƙarasa. Nace ki bari, duk manyan mutane suna aje tarihi, kuma a garin nan wa ya kaini shiga jikin manya? Shekara ashirin da uku ni ke wanke rigunan alƙalan kotun ƙoli ina gogewa, jajayen nan masu nauyi kamar bargo. Duk hukuncin da aka yanke a ƙasar nan cikin gugata aka yanke shi. Kuma shekara ashirin da uku ban taɓa ƙona ko hankici ba, aje a tambaya.

To ga abinda yasa na sayi littafin. An shafa ma gidan Yaya jan fenti. Ba ita kaɗai ba, duk unguwarsu. Kotun ƙoli tace filin na wani kamfani ne, alƙali uku sukace eh, biyu sukace a'a. Ran 27 ga wata katafila zata zo.

Yaya ita ta riƙe ni bayan rasuwar Inna. A gidan nan na koyi tafiya, a gidan aka fidda gawar mijinta. Naje na sameta zaune a bakin ƙofa tana kallon fentin. Nace Yaya ki kwantar da hankalinki ai ƙaninki na nan. Ta kalle ni sama da ƙasa tace kai ɗin? Jeka ɗebo min ruwa.

Na ɗebo mata. Amma gidan nan ba zai faɗi ba. Gashi na rubuta.

Talata 4, ɗaya na rana

Gari ya ɗau zafi. Tela maƙwabcin shagona ya ƙure rediyo, kowa ya bugo waya sai ya wanke alƙalai tas, wankin da ko ni ban iya ba. Bencin ƙofarmu ya cika. Tela yace a fita kan titi kawai, su ga yawanmu. Wani direban bas yace a'a, majalisa ce zata tsige su. Wani tsohon malamin makaranta yace kamata yayi a dinga zaɓen alƙalai da ƙuri'a. Tela yace malam rufa mana asiri, sai su fara raba mana sabulu suma. Mai kifi tace ita dai Allah ya isa ta ja musu, kuma tata bata faɗuwa ƙasa.

Abinda ke ƙona ma mutane rai shine wannan. Wata uku da suka wuce, ranar Talata, aka saurari ƙarar. Ƴan unguwar su Yaya sun cika kotu, da idonsu suka ƙirga alƙali huɗu, kujera ɗaya ba kowa. Da hukunci ya fito sai takarda tace biyar ne suka zauna. Kuma mai kujerar da ba kowa ɗin nan, shine ya cike na ukun da ya kada su. Doka tace wanda bai ji ƙara ba baya yanke ta. Kotu tace abinda ke rubuce shine gaskiya, idonku ne ya samu matsala.

Ni alƙalan nan da rigunansu na sansu. Akwai Dogon Hannu, akwai Mai Turare, akwai Gajere. Wanda ake magana akai shi nake kira Babban Wuya.

Da aka ambaci ranar Talatar nan sai Tela ya dena taka keke ya kalle ni. Ni kuma na kalli silin. Silin ɗin ma yana son fenti.

Laraba 5, shida saura

Lauyar ƴan unguwa tazo shago yau. Yarinya ce siririya mai gilashi, sai ka ɗauka iska zata ɗauke ta, amma idonta kamar allura. Yaya ce ta gaya mata inda nake aiki. Tace Baba, sama da kotun ƙoli ba inda ake ɗaukaka ƙara. Ƙofa ɗaya ta rage, hukumar ladabtar da alƙalai. Sun kai koke, hukumar tace maganar masu ƙara kaɗai bata isa ba, a kawo shaida daga wanda ke aiki a wurin. Magatakarda, masinja, masu shara, kowa ya zama kurma.

Nace ai kin zo gidan gaskiya, ni ko zaki bana tsoro, ni da Babban Wuya har hannu muke yi. Bamu taɓa yi ba amma ya taɓa ɗaga min gira.

Sai idonta ya faɗa kan ƙusar bango. Duk rigar da zata fita daga kotu sai mai gadi ya bada ƴar takardar ƙofa da hatimi, ranar fita da ranar dawowa. Ni bana yar dasu, a ƙusa nake sokewa dan baƙi su ga da wa nake hulɗa. Ta zauna tana zarewa ɗaya ɗaya. Can sai ta tsaya.

Tace Baba, rigar Mai Shari'an nan da bai zauna ba ta fita Litinin ta koma Juma'a. Satin da aka saurari ƙararmu.

Nace to.

Tace kenan ranar Talata rigar na nan wurinka.

Nace yo ai shago ne.

Tace kai da kake cewa a kawo da safe ka mayar da yamma, me ya riƙe ta kwana biyar?

Nace ruwan sama, bata bushe ba.

Tace watan nan ko yayyafi ba'a yi ba.

Nace Lauya kin sha ruwa kuwa? Rana tayi zafi fa.

Ta tafi da hoton takardar a wayarta. Tace in rubuta duk abinda na tuna. Nace ai har na sayi littafi.

Alhamis 6, azahar

Ba labari. Guga kawai. Layin wando yau kamar reza.

Juma'a 7, huɗu na yamma

Na kai riguna kotu. Ina fitowa direban Babban Wuya ya ja ni bayan mota. Yace Sarki, Oga yana gaishe ka. Shekara ashirin da uku bai taɓa gaishe ni ba, nace ina amsawa, ya jikin wuyan. Bai yi dariya ba. Yace ana maganar a haɗa maka da wankin ƙananan kotuna duka, kai kaɗai. Sai ya gyara madubin mota yace, kuma maganar da nayi maka ran nan a shagonka, ban yi ta ba.

Nace wace magana?

Yace yauwa, haka nake so.

Na dawo ina fito a hanya dan kar a ga komai a fuskata. Ni bana tsoro.

Asabar 8, bayan la'asar

Maman yara ta tsare ni a tsakar gida tana shanya. Na fara mata bayani yadda in na buɗe baki aikin kotu ya tafi, ga yara ga makaranta. Ta matse zani tace malam dena. Aiki Allah ke badawa, da hannunka ka zo duniya ba da kotu ba. Kai ba aikin kake ji ba. Bakinka kake ji.

Nace wane baki?

Tace wanda ke cewa ko hankici. Ka manta ranar da ka dawo gida kana warin hayaƙi ka ƙi cin abinci?

Mata sai Allah. Hancinsu kamar na ƴan sanda.

Lahadi 9, biyar na yamma

Unguwar su Yaya kamar an yi gobara ba wuta. Mutane na cire kwanon rufi da tagogi kafin katafila ta haɗa dasu. Wani ya cire ƙofar gidansa ya jingina, yana zaune a kanta yana kuka, babba da gemu.

Yaya bata cire ko ƙusa ba. Amma na leƙa ɗaki naga ta naɗe hoton mijinta a ɗankwali ta sa a jaka. Na fara bata labarin yadda zan girgiza ƙasar nan. Ta bari na gama tace auta, ji nan. Kar ka jefa kanka a wuta saboda ni. Kana da iyali. Ni tsohuwa ce, ɗaki ɗaya ya ishe ni a ko ina.

Da ta zage ni da yafi min sauƙi.

Gidan nan ba zai faɗi ba.

Litinin 10, shida na yamma

An yi zanga zangar. Tela ya tafi da safe yana waƙa, ya dawo da azahar ido jajir, hanci na zuba, takalmi ƙafa ɗaya. Nace ina ɗayan, yace ya barshi a can yana ci gaba da gwagwarmaya. Mun yi dariya har ya fara tari.

Majalisa kuma tace ta kafa kwamiti, zai zauna bayan hutu. Hutun wata biyu ne. Katafila bata hutu.

Nace ma Tela saura hukumar nan kenan. Yace hukumar da rabinta alƙalai ne? Wanzami baya son jarfa, Sarki. Nace to in ba'a kai musu abinda zasu kasa haɗiyewa ba ai sun huta. Yace kai ka san abinda zasu kasa haɗiyewa. Nima na sani. Zaren ma ni na saya.

Na rufe shago da wuri.

Talata 11, tara na safe

To bari in rubuta tunda littafi baya dariya.

Na ƙona ta.

Gashi nan, ƙasa bata tsage ba. Litinin ɗin nan na ɗauko rigar Babban Wuya na wanke, Talata da hantsi na shimfiɗa ta ina bi. Ina tsakiyar baya aka ɗauke wuta. Mu masu guga in an ɗauke wuta mukan kifa dutsen akan wuri mai kauri, sauran zafin ya kwantar da ɗinki, kar ya tafi a banza. Kowa na yi. Amma sai ka kashe makunni tukun. Ni kuma a daidai lokacin naji ana dariya a benci ba dani ba, abinda bana iya jurewa kenan. Na fita ina basu labarin yadda na taɓa kama ɓarawo da hanga. Ina cikin daɗin labari aka kawo wuta. Fankar Tela ta fara juyawa a gaban idona ban tuna ba. Sai da mai kifi tace wa ke gasa fata.

Hoton dutsen guga ya fito raɗau a gadon bayan rigar, baƙi ƙirin, har ya ci shafin ciki.

Na ja ƙofa. Nayi salati yafi ɗari. Dan na san ƙarfe goma ake shiga kotu, direba zai zo ɗaukar riga. Sha ɗaya saura ya leƙo, ba riga yazo nema ba, nashi kayan ya kawo. Nace rigar Oga bata bushe ba. Yace sha kuruminka Sarki, Oga baya ƙasar, ya tafi bikin gama karatun ɗansa, sai ƙarshen sati. Wallahi ji nayi kamar in goya shi.

Kwana uku ni da Tela muna kulle. Ya yanko ƙyalle daga naɗin ƙasan rigar ta ciki, ya sa faci, ya bi da zare sili sili. Daga waje ko mai ita bai gane ba. Amma in ka juya ta ka ɗaga shafin, facin na nan kamar tafin hannu.

Ranar da nake murna Allah ya rufa min asiri, ranar ce aka saurari ƙarar Yaya da kujera ɗaya ba kowa. Wata uku na san wannan.

Laraba 12, uku na rana

Naje ofishin Lauya na faɗa mata duka. Ta cire gilashi tayi dariya har da hawaye, nace yi abinki ƴata, yau ranarki ce. Sai ta goge ido tace Baba ka san ƙunar nan ita ce shaidar? Takardar ƙofa zasu ce ka ƙirƙira. Amma ba wanda zai tona ma kansa asiri haka a banza, kuma rigar na nan ana iya juya ta.

Ta buga takardar rantsuwa ta karanta min. Da tazo wurin na ƙona rigar nace tsaya. Ba za'a sa ta ɗan sha zafi ba? Tace a'a. Nace to a sa wuta ce ta ƙona, ni ina waje. Tace Baba. Nace to a sa da ƙananan baƙaƙe.

Na sa hannu. Sau ɗaya na huta.

Alhamis 13, azahar

Tela yace shi ba ruwanshi, rabin masu kawo mishi ɗinki ma'aikatan kotu ne. Nace ba komai abokina.

Alhamis ɗin dai, biyar na yamma

Ya leƙo yace ƙarfe nawa ofishin yarinyar ke buɗewa. Yace ba dan ni ba, dan kar wani tela yace shi yayi facin.

Juma'a 14, sha biyu

Naje kotu ɗaukar riguna. Mai gadin da shekara goma sha muna wasa da dariya yace Sarki yi haƙuri, an ce kar ka shiga. An ba wani kamfanin wanki mai mota. Nace lafiya lau, ka gaya musu kwalar Gajere bata son sitati da yawa, tana cin mishi wuya. Ya kau da kai.

Takardar da aka ce sirri ce, kwana biyu kacal. Hukumar nan tana yoyo kamar kwandon wanki.

Asabar 15

Shago shiru.

Litinin 17, huɗu na yamma

An sa ranar Laraba mai zuwa jibi a ji mu. Na wanke farar rigata na sa mata sitati har tana tsayuwa da kanta.

Laraba 19, sha ɗaya na safe

An ɗage. Wai ɗaya daga cikin ƴan hukumar ya tafi ta'aziyya. Sai Laraba 26. Katafila 27.

Lauya ta tsaya a matakala tana cizon leɓe. Nace kar ki damu ƴata, kwana ɗaya ai yayi yawa, ni a minti biyar na ƙona riga. Tayi murmushi dan dole.

Alhamis 20, yamma

Wasu mutum biyu sun zo shago suna tambayar takardar izinin sana'a. Shekara ashirin da uku ba wanda ya taɓa tambaya. Na miƙa musu, a leda take. Suka juya ta gaba da baya. Nace ma ɗayansu ranka ya daɗe kwalarka ta karye, cire in bi maka kyauta. Ya fita yana taɓa wuya.

Bana tsoro. Na dai ce yara su dena biyowa ta shago daga makaranta.

Asabar 22

Direban Babban Wuya ya wuce sau biyu a mota a hankali. Na ɗaga mishi hannu duka biyun.

Lahadi 23, bayan la'asar

Yaya taji. Lauya ce ta faɗa mata. Ta aiko a kirani, naje ina shirin a yabe ni. Tace wato wata uku kana sane. Nace Yaya ai. Tace rufe min baki. Ta ci gaba da tsince shinkafa. Can tace ranar Laraba ka tsaya da kyau, kar ka dinga sosa kai kamar marar gaskiya, kuma banda surutun banza. Abinda aka tambaye ka shi zaka amsa.

Nace to Yaya.

Katafila biyu sun iso, an aje su a filin ƙwallo. Yara na hawa suna wasa.

Talata 25

Gobe. Nayi gwaji a gaban madubi, kalmar ƙonawar nan ta ƙi fita. Maman yara tace faɗa min ni. Na faɗa mata sau goma tana yanka albasa.

Laraba 26, biyar da rabi na yamma

Kai! Yau an ga maza.

Ɗaki ne mai sanyi da dogon tebur, mutum bakwai a jere. Shugabarsu wata tsohuwar alƙaliya ce da ta yi ritaya, gilashi a kan hanci. Babban Wuya bai zo ba, lauyanshi ya turo, wani mai kwat da aka goge ta da son rai, layi biyu a hannu ɗaya. Naso in yi magana na tuna Yaya.

Aka bani littafi na rantse. Lauyan ya taso yana murmushi yace malam mai wanki. Nace mai guga, ranka ya daɗe, wankin ƙari ne. Yace ba kai bane ƙanin ɗaya daga masu ƙara? Nace ni ne, uwa ɗaya uba ɗaya, gata can, ta fini hankali. Yace to kaga kana da dalilin yin ƙarya. Nace ina da shi, amma ban yi ba.

Yace ko da rigar na wurinka, Mai Shari'a yana da wata. Nace yana da ita, tun yana siriri. Shekara shida rabon da maɓallin wuyanta ya kai, hannun ma a gwiwar hannu yake tsaya mishi. Tana cikin kabad ɗin ofis asu na ci, ni na sa mata magani. Wani a ƙarshen tebur ya rufe baki da takarda.

Sai ya dena murmushi. Yace kai da kowa ya sani da mayar da kaya rana ɗaya, me zaisa ka riƙe rigar babban alƙali kwana biyar? Ko dai takardar nan daga baya aka haɗa ta?

Hannuna ya tashi zai je kai, na maido shi. Na waiga, Yaya na kallona.

Nace na ƙona ta.

Shugabar tace ɗaga murya malam, bamu ji ba.

Nace NA ƘONA TA, ranki ya daɗe. Da dutsen guga, a gadon baya, ranar Talata da hantsi, ina waje ina surutu. Na faɗi yadda direba yazo da abinda yace. Na faɗi ƙaryar da nayi mishi. Nace in ana shakka a ɗauko rigar a juya ta, a ɗaga shafi, tafi ɗaya ƙasa da wuya.

Lauyan yace ba'a taɓa kawo rigar alƙali a matsayin shaida ba. Shugabar tace to yau za'a fara. Aka tura mota. Awa ɗaya da rabi muna zaune, Tela na gefena yana ta cewa in sun canza rigar fa. Nace ina zasu samu mai wannan wuyan a awa ɗaya.

Aka kawo. Shugabar da kanta ta juya ta ta ɗaga shafin. Ta sa yatsa akan facin ta daɗe. Tace wa yayi wannan aikin? Tela ya miƙe kamar ɗan makaranta. Tace hannunka na da kyau. Wallahi ni ko kallo ban samu ba.

Suka shiga ciki suka fito. Sukace za'a nemo takardun tafiyar Mai Shari'a, kuma za'a rubuta ma kotu a dakatar da rusau har a gama bincike. Mutane suka fara kabbara a waje. Lauya bata yi murna ba. Tace Baba magana ce, ba takarda ba. Sai an buga an sa hannu an buga hatimi, kuma mai hatimin ya tashi tun ƙarfe huɗu.

Alhamis 27, bakwai na safe

Lauya na ƙofar ofishin hukuma tun shida. Ni na tafi wurin Yaya. Sun tada injin.

Alhamis, biyu na rana



Takwas suka fara daga bakin titi. Muka tsaya a gaba muna ce musu an dakatar, shugaban ƴan sandan yace ina takarda. Na buga ma Lauya, tace mai hatimi bai iso ba. Gidan farko ya tafi. Na biyu. Ƙura ta rufe ko ina, mata na ihu. Na sake bugawa, tace ya iso amma makullin durowa na wurin wani. Na uku ya tafi, gidan mai gemun nan.

Na huɗu na Yaya ne.

Ta ƙi fitowa daga ɗaki. Ni na tsaya a ƙofar gida da farar rigata ta jiya, na buɗe hannu, ina ce ma mai katafila ɗan'uwa kai ma uwa ta haife ka. Ƴan sanda biyu suka ɗauke ni cak kamar buhu, takalmina na lilo. Bakin ƙarfen ya sauka akan katangar gaba. Katangar da nake hawa ina yaro. Ta kwanta gaba ɗaya har da ƙofar.

Ya ja baya zai sake shiga sai muka ji hon ɗin babur. Lauya ce a baya, ba gilashi, ɗankwali a wuya, takarda a sama tana ihu da muryar da ban san tana da ita ba. Shugaban ƴan sandan ya karanta, ya juya, ya shafa hatimin da yatsa. Ya ɗaga hannu.

Injin ya mutu. Ban taɓa jin shiru mai daɗi haka ba.

Yaya ta fito daga ɗaki ta tsallake bulo ta tsaya tana kallon titi daga tsakar gidanta. Mai katafila ya sauko yana ta bata haƙuri, wai shi aiki aka sa shi. Tace naji, matsar min da abinka daga kan bishiyata.

Asabar 29, biyar na yamma

Jarida ta buga hotona baki buɗe. A benci yanzu Sarkin Ƙuna suke kirana, mai kifi har da guɗa. Nace ku faɗa da kyau, a cikinku wa ya taɓa ƙona abinda ya kai wannan tsada?

Babban Wuya wai ya tafi hutun jinya. Ba'a kore shi ba, ba'a kama shi ba, an ce bincike na ci gaba. Tela yace kaga abinda nake faɗa. Nace na gani, amma kujerar tashi yanzu da gaske ba kowa. Lauya tace za'a sake jin ƙarar daga farko da wasu alƙalai, kuma ba tabbas mu ci. Gida uku sun riga sun tafi, masu su na kwana a makaranta, tace sai mun bi musu haƙƙinsu. Nace ki sa sunana a gaba, yanzu na san hanyar ofishin.

Aikin kotu ya tafi. Maman yara ta samo min kayan ma'aikatan wani ɗakin shan magani, farare, ba nauyi. Yaya kuma bata ce min sannu ba har yau. Da naje ɗazu ta rataya zani inda katangar take, tana zaune a baya. Tace auta, haka zaka barni duk mai wucewa yana ganin tukunyata?

Na tsince bulon da bai fashe ba, sun fi rabi. Tela zai kawo igiya. Gobe da sassafe zan fara ɗorawa. Ban taɓa gini ba, amma mutumin da ya shekara ashirin da uku yana fidda layi a wando, katanga bata isa ta karkace mishi ba.